Fatar Ƙarfe: Tarihin Goran Ruwa a Kano, Daga Karofi Zuwa Bompai

A ɗakin kakata da ke Gwagwarwa, cikin ƙaramar hukumar Nassarawa, akwai abubuwa biyu da na tashi ina gani. Na farko wani faranti ne mai ruwan zinare, tare da ƙananan kofunansa na shan zamzam, tsarabar da ta zo da ita daga aikin Hajji tun kafin a haife ni. Na biyu kuwa tukunyar dalma ce da ake dafa miyar gidan a cikinta. Farantin ya haura shekara arba'in ana wanke shi ana mayarwa cikin jere, launinsa bai gushe ba, in ban da bakin-bakinsa inda hannu ya cinye. Tukunyar kuwa, a sanina, sau uku ana sake ta. Cikinta yakan yi baƙi, ya yi ƙananan ramuka kamar zanen agana, daga bisani ta fara yoyo, a kai ta wurin masu zubi a yi musaya da ciko.

Wata rana, ina ɗalibin sakandare, na ce mata, "Hajiya, kin san farantin nan da tukunyar nan ƙarfensu ɗaya ne?" Ta dube ni ta yi dariya, ta ce, "Maigidana, boko dai ya fara juya maka kai. Ina zinare, ina dalma?"

Gaskiyar magana, babu zinare a farantin, kuma asalin ƙarfen tukunyar ba dalma ba ne. Dukansu biyu goran ruwa ne, wanda wasu ke kira sanholo, 'yan boko kuma su ce alminiyum. Abin da ya raba su wata fata ce da aka yi wa farantin, wadda kaurinta bai kai rabin silin gashi ba. Tarihin wannan fata nake so in bi a wannan maƙala, domin na fahimci cewa a cikinsa akwai labarin abin da Kano ta iya, da abin da ta nema a Bompai da Sharada da Challawa, da kuma abin da ya kuɓuce mata.

Birnin Rini da Jima

Wanda ya dubi sana'o'in da suka ɗaga sunan Kano kafin zuwan Turawa, zai ga cewa galibinsu aikin gyara bayan abu ne. Masaƙa suna ko'ina a ƙasar Hausa, amma abin da ya sa ayari ke tasowa daga Agadas da Gadamas shi ne rini da bugu. Farin ƙyalle yakan shiga karofi sau da yawa har ya sha baba, sannan a kai shi mabuga a bi shi da shuni har ya riƙa ƙyalli kamar ƙarfe. Garin Kura ya shahara da wannan turkuɗi, marinar Ƙofar Mata kuwa ana cewa tun 1498 take. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da birnin ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla. Haka majema: da bagaruwa suke mayar da ɗanyar fatar akuya, wadda za ta ruɓe cikin kwana kaɗan, ta zama jar fatar da Turai ta sani da sunan fatar Maroko.

Magina ma suna da nasu. Suna shafe katanga da makuba don kada ruwan sama ya zaizaye ta. Suna kuma da laso, wanda ake haɗawa da ƙonannen katsi daga gindin karofi, da gashin da majema suka kankare, da dafara. Da shi ake dāɓe cikin karofi da saman soro, ruwa ba ya ratsa shi. Ke nan sharar marina da sharar majema su ne suka zama simintin magina. Mutanen da suka gano wannan sun daɗe da sanin cewa ƙarkon abu da darajarsa a kasuwa suna rataye ne ga fatarsa.

Ƙarfen da Ya Zo a Makare

Baƙin ƙarfe tsoho ne a Kano, har ana danganta kafuwar garin da maƙeran da suka zo neman tama a gindin Dala. Goran ruwa kuwa baƙo ne, a nan da duniya baki ɗaya. Ko da yake shi ne ƙarfe mafi yawa a ɓawon ƙasa, kusan kashi 8 cikin 100, ba a samunsa a ware. Yana manne da iskar oksijin, kuma wutar maƙera ba ta iya raba su. Saboda wahalar samunsa, a tsakiyar ƙarni na 19 ana lissafa shi cikin ƙarafa masu daraja. A 1884 da shi Amurkawa suka yi wa hasumiyar tunawa da Washington hula.

Lamarin ya sauya a 1886, lokacin da wasu samari biyu, Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a gefensa, suka gano yadda za a raba shi da oksijin ta hanyar wutar lantarki. Ba da jimawa ba Karl Josef Bayer ya fito da hanyar tace garinsa daga jar ƙasar da ake kira boksait. Daga nan farashi ya faɗi. Sai dai akwai sharaɗi: kowane kilo ɗaya yana cin wutar da ta kai yunit 13 zuwa 15, irin yunit ɗin da mitar gida ke ƙirgawa. Shi ya sa tarihin wannan ƙarfe a Afirka ta Yamma yake bin madatsun ruwa. Masana'antar Edea a Kamaru ta fara aiki a 1957, ta Tema a Ghana kuma a 1967 da wutar madatsar Akosombo. Gini, wadda ke da tarin boksait mafi girma a duniya, har yau galibi ɗanyensa take lodawa a jirgi.

Jimar Lantarki

Goran ruwa ba ya jan tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, kuma dalilin haka abin mamaki ne. Da zarar an yanke shi iska ta taɓa wurin, nan take yakan yi wata 'yar fata wadda ido ba ya gani, ta toshe hanyar iska. Tsatsa ce ita ma, amma tsatsar da ke tsare gida. Sinadarinta ɗaya da na yakutu, ga tauri, ga jure zafi. Aibinta shi ne rashin kauri: gishiri da tsami da kanwa suna huda ta. Miyar yakuwa, da tumatir, da tsamiya, da kanwar da ake jefawa a wake, su ne suka yi wa tukunyar Hajiya zane.

A 1923 wasu masana biyu a Ingila, Bengough da Stuart, suka fito da dabarar ƙara wa wannan fata kauri. Abin da ya tura su shi ne jiragen sama masu sauka a teku, waɗanda ruwan gishiri ke cinye sassansu. Turawa suna kiran dabarar anodayizin. Ni kuwa zan kira ta jimar lantarki, domin kamar jima, fatar abin ce da kanta ake ƙarfafawa, ba wani abu ake shafa masa ba. Ana wanke ƙarfen tas, a tsoma shi cikin kwarmin ruwan asid, a haɗa shi da wuta. Oksijin da wutar ke saki yakan ci fuskar ƙarfen ya mayar da ita fata, tana girma ciki da waje a lokaci guda. Saboda daga jikinsa ta tsiro, ba ta ɓarewa kamar fenti.

Hanyar farko da asid ɗin kuromiyam take aiki. A Japan aka fito da wata mai amfani da wani asid daban a wannan shekara, wadda ta bazu a Jamus da sunan Eloxal. A 1927 Gower da O'Brien suka yi rajistar hanyar asid ɗin salfa, wato ɗan'uwan ruwan batir, kuma ita ce ta fi yaɗuwa har yau. Kaurin fatar da ake yi wa tagogi da ƙofofi yakan kama daga maikiron 5 zuwa 25, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka gano cewa in an sanyaya ruwan ƙwarai aka ƙara ƙarfin wuta, fatar takan yi kauri ninki biyu ko fiye, ta yi taurin da za ta jure gogayya a cikin inji.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da masu binciken kamfanin Alcoa suka bayyana a 1953, bayan sun duba fatar da madubin lantarki. Sun ga ashe a shirye take kamar saƙar zuma, ɗaki-ɗaki masu kusurwa shida, kowanne da ɗan rami a tsakiyarsa. Waɗannan ramuka su ke shan launi. In aka fito da ƙarfen daga asid aka tsoma shi a ruwan rini, launin yakan shige ramukan, sannan a dafa shi a tafasasshen ruwa, bakin ramukan ya kumbura ya rufe, launi ya zauna a ciki. Ranar da na karanta wannan, marinar Ƙofar Mata ce ta faɗo mini a rai: a tsoma, a jira, a ɗaga, a duba, a mayar. Ashe farantin Hajiya rinanne ne.

Ci gaban da ya biyo baya duk a kan gyara wannan fata yake. Rinin farko yana koɗewa a rana, sai a shekarun 1960 aka fito da hanyar cusa gishirin ƙarafa irin su kuza a gindin ramukan, wanda ya ba da launin tagulla da baƙi da muke gani a tagogin manyan gine-gine. A wannan zamani ne kuma fentin gari ya bayyana, wanda ake fesawa da lantarki a gasa a tanderu. Daga baya hankali ya koma kan lafiya. An tabbatar cewa nau'in kuromiyam da hanyar 1923 ke amfani da shi yana jawo ciwon daji, kuma tun daga Satumbar 2017 Tarayyar Turai ta hana amfani da shi sai da izini na musamman. Yau duk wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre ya ɗauki iPhone mai jikin goran ruwa, launin da ke hannunsa jikan dabarar 1927 ne.

Bompai, Sharada da Challawa

Ina kyautata zaton cewa goran ruwan farko mai irin wannan fata ta sama ya shigo Kano. Jiragen farko sun sauka a birnin a Nuwambar 1925, kuma daga 1940 Kano ta zama zango a hanyar da Ingila ke bi da jiragen yaƙi daga Takoradi zuwa Masar. Amma shigarsa ɗakunan mata sai bayan yaƙi.

Jirgin ƙasa da ya iso a 1911 ya mayar da Kano cibiyar gyaɗa, kuɗin gyaɗa kuma ya haifar da masana'antu. Bompai, a nan ƙasar Nassarawa, ita ce unguwar masana'antu ta farko, kuma tun daga shekarun 1950 ake matsar man gyaɗa da yin sabulu da turare da alewa a cikinta. A shekarun 1960 'yan kasuwa daga Hong Kong suka kafa masana'antun kwanoni a Ikeja da Kano. Fanteka da langa da kwalla baƙin ƙarfe ne da aka lulluɓe da garin gilashi, aka gasa a zafin da ya kai digiri 800. Wannan, a ganina, ita ce fatar ƙarfe ta farko da aka yi da inji a Kano, kuma ita ta kori ƙwarya da akushi daga jeren amare. Rauninta sananne ne ga kowace uwargida: ranar da kwano ya faɗi ya ɓantare, tsatsa ta samu ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, wutar Kainji ta samu daga 1968, kuɗin man fetur ya shigo, sai Bompai ta cika, aka buɗe Sharada kashi-kashi, sannan Challawa a yankin Kumbotso. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka shigo da attajiran Kano cikin harkar. A wannan lokaci goran ruwa ya bazu: tukwane da butoci da farantai, kwanon rufi, tagogi. Kamfanin Tower, wanda ya fara da tukwane a Legas a 1959, sunansa ya zama sunan tukunya a bakin mata. Kawuna yana cikin dubban da jiniyar Bompai ke tasa da asuba. Yana aiki a kan injin da ke murza fallen goran ruwa ya zama tukunya, kuma da albashinsa ya sayi keke ya yi aure.

To amma in aka duba da kyau, matakin da ya zo Kano shi ne na yanka da lanƙwasawa. Narkar da ƙarfen daga tushe, da murza shi ya zama falle ko sanda, da yi masa fata, galibinsu a kudu suka zauna ko a ƙetare. A wancan lokaci injin murza falle yana Fatakwal, kamfanin Nigalex mai fitar da sandunan tagogi da yi musu jimar lantarki yana Oshodi tun shekarun 1970. Ita kuwa babbar masana'antar ALSCON ta Ikot Abasi, wadda aka tsara za ta riƙa fitar da tan 193,000 a shekara, ta fara aiki a 1997, ta tsaya a 1999, kamfanin Rusal na Rasha ya karɓe ta a 2007, ta sake tsayawa a 2013.

Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan aiki da ake shigowa da su suka yi tsada, kayan Sin masu araha suka cika kasuwa. Sama da duka akwai matsalar wuta. Jimar lantarki ba ta yafe ɗaukewar wuta: ƙarfe yana buƙatar kusan rabin sa'a zuwa sa'a guda a cikin asid, wuta na gudana daidai, na'urar sanyaya ruwa na aiki. In wuta ta yanke ta daɗe, asid ɗin ya juya ya cinye fatar da ya gina. Masana'antar da kawuna ke aiki ta rage ma'aikata sau biyu, sannan wata safiya suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Yau yana da rumfa a gefen titi inda yake haɗa tagogi. Sandunan da yake yankawa, masu ruwan tagulla da farare, sun zo ne da fatarsu daga Legas ko Sin. Ya taɓa ce mini, "Ɗana, mu zarto kawai muke sawa. Mai launin shi ke cin riba."

Tukunyar Dalma

Da masana'antu suka ja baya, masu zubi ne suka riƙe murhun talaka. Sana'ar zuba tukwane daga tsohon goran ruwa ta yaɗu a Afirka ta Yamma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamar yadda masaniyar tarihi Emily Osborn ta nuna. Abin da ya sauƙaƙa ta shi ne wannan ƙarfe yana narkewa a digiri 660, zafin da gawayi da zugazugi ke iya kaiwa. 'Yan gwangwan su tattaro fiston da tukunyar inji da gwangwanin lemo da guntayen tagogi, a narka, a zuba a cikin dāɓaɓɓen yashi. Hikima ce ta gaske, domin sake narkar da tsohon ƙarfe ba ya cin fiye da kusan kashi 5 cikin 100 na makamashin da sabo ke ci. Babu gidan biki a Kano da ba a dafa shinkafarsa a tukunyarsu ba.

Sai dai sunan da muka ba tukunyar ya zo da gaskiyar da ba mu nufa ba. A cikin tarkacen da ake narkawa wani lokaci akan samu dalma ta ainihi, daga lagireto da like-liken waya da makamantansu. A 2014 Jeffrey Weidenhamer na Jami'ar Ashland da abokan aikinsa suka gwada tukwanen zubi na Kamaru, suka ga dalma na fita daga jikinsu in an tafasa ruwa mai tsami. A 2017 suka gwada guda 42 daga ƙasashe goma, suka sake ganin haka a da yawa daga ciki, suka kuma ga cewa lulluɓe cikin tukunya yana rage ƙarfen da ke shiga abinci ƙwarai da gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa, kuma ƙwaƙwalwar yara ta fi cutuwa. Mu a Arewa mun ga aikinta a Zamfara a 2010, inda yara 400 ko fiye suka rasu, ko da yake can daga dutsen zinare ta fito.

Ba zan ce jimar lantarki ita kaɗai za ta warware wannan ba. Ƙarfen zubi mai gauraye ba ya karɓar fatar da kyau, kuma fata ba ta cire dalmar da ke ciki. Gyara yana farawa ne daga tantance tarkace kafin a narka, sannan a zo ga lulluɓi. Haka kuma kowane kwarmin asid yana da dagwalonsa. Rafin Getsi da ke kwashe ruwan Bompai zuwa Jakara, da Salanta da ke kai na Sharada kogin Challawa, sun riga sun sha abin da ya ishe su, alhali da ruwansu ake ban ruwan lambuna. Duk mai son kafa irin wannan masana'anta dole ya fara da wurin tace ruwa.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ya nuna mini shi ne, Kano ta shiga zamanin goran ruwa ta ƙofar da ba tata ba. Birnin da ya yi arziki da matakin ƙarshe na sana'a, wato rini da bugu da jima, ya wayi gari yana sayen abin da wasu suka rina yana yankawa. Abin da ake buƙata ba boyayye ba ne: tsayayyiyar wuta a Bompai da Sharada da Challawa, sassan kimiyya da injiniya na Jami'ar Bayero da kwalejin fasaha su sauko wurin masu zubi da na'urar gwada ƙarfe, hukumar kula da ingancin kaya ta fitar da ma'aunin tukunyar girki, a kuma koyi da magabatan da suka mayar da katsi laso maimakon su zubar da shi a rafi.

Hajiya ta rasu ba ta yarda da maganata ba. Da aka raba kayan ɗakinta, farantin ya faɗo a rabon mahaifiyata, yana nan da ruwan zinarensa. Tukunyar kuwa an kai ta wurin masu zubi, an yi ciko, an karɓo sabuwa, kuma a cikinta ake dafa abincin 'ya'yana in sun je gidan.